Shin bashin IMF sabon mulkin mallaka ne?

Wani ɗalibi da ke shekararsa ta uku a sashen tattalin arziki ya rubuto mini cewa ya gaji da jin 'yan ƙwadago da masu ra'ayin gurguzu suna kiran bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da na Bankin Duniya da sunan sabon mulkin mallaka, alhali babu wanda ya ɗora wa shugabanninmu bindiga a ka ya ce su je su ciyo bashi. Yana son ya sani ko akwai hujja ta ilimi a bayan wannan suka, ko kuwa neman wanda za a jingina wa laifi ne kawai.

Ɗan'uwana, akwai hujja, kuma mai ƙarfi ce, amma ba a inda masu ɗaga kwalaye a titi suka fi nunawa take ba. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma abin da na gamsu da shi shi ne, ƙarfin sukar ba ya cikin zargin cewa wasu Turawa sun kulle ɗaki sun ƙulla makircin talauta Afirka. Ƙarfinta yana cikin tambayoyi biyu da kowane ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane: wa ya rubuta ƙa'idar cinikin, kuma idan cinikin ya faɗi, wa zai ɗauki asarar?

An kafa hukumomin nan biyu ne a taron da ƙasashe 44 suka yi a Bretton Woods ta Amurka a watan Yulin 1944, lokacin da kusan duk Afirka ke ƙarƙashin Turawa, in ka ɗebe ƙasashe kaɗan kamar Habasha da Laberiya da Masar da Afirka ta Kudu. Ba a raba ƙuri'a a cikinsu bisa yawan jama'a ko bisa ƙasa ɗaya ƙuri'a ɗaya ba, an raba ta ne bisa girman hannun jari. Har yau Amurka na riƙe da sama da kashi 16 cikin 100 na ƙuri'un IMF, manyan shawarwari kuwa sai da amincewar kashi 85, wanda ke nufin ita kaɗai tana iya hawa kujerar na-ƙi. Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba amma aka daɗe ana bi, cewa shugaban Bankin Duniya Ba'amurke ne, shugaban IMF kuma daga Turai zai fito. Ƙasashen da suka fi kowa zuwa neman rance su ne mafi ƙarancin murya a teburin da ake yanke sharuɗɗan rancen. Ana iya ganin abin da wannan rabo ke haifarwa a 2021, lokacin da IMF ta raba wa mambobinta kuɗin ajiya na dala biliyan 650 domin raɗaɗin annobar korona. Da yake bisa hannun jari aka yi rabon, Afirka baki ɗayanta ta tashi da kimanin biliyan 33, Amurka ita kaɗai ta samu sama da biliyan 100.

Amma asalin rigimar tana cikin shekarun 1970, kuma nan ne ya kamata ka tsaya ka duba da kyau. Bayan farashin mai ya tashi a 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun zuba dalolinsu a bankunan Landan da New York, bankunan kuma suka rasa inda za su kai kuɗin, sai suka shiga bin gwamnatocin Latin Amurka da Afirka suna tallan bashi. Kuɗin ruwa a lokacin yana ƙasa ƙwarai, wani lokaci ma bai kai hauhawar farashi ba, don haka cin bashin ya yi kama da dabara. Matsalar tana cikin wani sharaɗi da mutane kaɗan suka damu da shi: yawancin basussukan na dala ne, kuma kuɗin ruwansu ba tsayayye ba ne, yana bin duk yadda kasuwar Landan ta kaɗa. A 1979 aka naɗa Paul Volcker shugaban babban bankin Amurka, shi kuma domin ya kashe hauhawar farashi a cikin ƙasarsa ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 a 1981. Ba da Najeriya ko Meziko a ransa ya yi haka ba, da masu sayayya a kantunan Amurka ya yi. Sai dai matakin ya ninka abin da masu bashi za su biya, ya ƙara wa dala tsada, ya kuma jefa ƙasashe masu masana'antu cikin koma-baya, har suka rage sayen mai da koko da auduga da tagulla, waɗanda da su ne masu bashin ke samun dalar biya. A watan Agustan 1982 Meziko ta sanar cewa ba za ta iya biya ba, wasu ƙasashen kuma suka biyo sahu ɗaya bayan ɗaya.

A ƙa'idar jari-hujja ita kanta, mai ba da bashi yana karɓar kuɗin ruwa ne domin kasadar da ya ɗauka, idan kuma ya ba wanda ba zai iya biya ba, to ya kamata ya ɗanɗana asara. Abin da ya faru a shekarun 1980 ya saɓa wa wannan. IMF ta shigo tana bai wa ƙasashen sabon rance domin su ci gaba da biyan tsofaffin bankunan, da sharaɗin su tsuke bakin aljihu, su karya darajar kuɗinsu, su janye tallafi, su buɗe iyakokinsu ga kayan waje, su cefanar da kamfanonin gwamnati. Bankunan suka samu shekarun da suke bukata na gyara littattafansu, bashin kuma ya tashi daga wuyan 'yan kasuwa ya koma wuyan hukumomin da ba kasafai ake ƙin biyansu ba. Wanda ya biya a ƙarshe shi ne malamin firamare da albashinsa ya narke, da mai jegon da aka ce ta zo asibiti da kuɗin magani a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kamar yadda ake faɗa.

Mafi munin misali shi ne Zayar, wato Kwango ta yau, a zamanin shugabanta Mobutu. IMF da kanta ta tura wani Bajamushe ma'aikacin banki, Erwin Blumenthal, ya zauna a babban bankin ƙasar a 1978, ya kuma rubuta rahoto ƙarara cewa masu ba da bashin ba su da wata alamar samun kuɗinsu saboda irin satar da ake yi. Duk da haka aka ci gaba da ba Mobutu rance har shekaru bayan nan, domin abokin Yammacin duniya ne a yaƙin cacar baka, aka kuma bar wa mutanen Kwango takardar bashin bayan ya tafi. Idan ka ji masu suka suna cewa rance makamin siyasar ƙasashen waje ne, irin wannan suke nufi.

Labarin Najeriya ya ɗan bambanta, kuma saboda bambancin ne nake ganin taken sabon mulkin mallaka bai isa ya bayyana shi ba. Gwamnatin Shagari ta fara tsuke bakin aljihu a 1982 bayan farashin mai ya fara sauka. Gwamnatin Buhari ta soja ta yi ta ja-in-ja da IMF, ta ƙi karya darajar naira. Da Janar Babangida ya hau mulki a watan Agustan 1985, sai ya buɗe muhawara a faɗin ƙasa kan ko a karɓi rancen, jama'a suka ce ba sa so, shi kuma ya sanar a watan Disamba cewa an fasa. Watanni kaɗan bayan haka, a tsakiyar 1986, ya ƙaddamar da shirin gyaran tsarin tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya ƙunshi kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi, da sunan cewa namu ne na cikin gida. Dalilin a fili yake: masu bin Najeriya bashi ba za su zauna su sake tsara biyan ba sai IMF ta sa hannu cewa ƙasar na kan hanya. Ka ga ke nan, ko ba ka karɓi kuɗinta ba, kana bukatar hatiminta, kuma wannan hatimi ya fi kuɗin ƙarfi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da abokansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi ta gargaɗi a kan haka tun ana cikin muhawarar, suna cewa mafita tana cikin gina kasuwar cikin gida.

A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Bayan an buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumban 1986, ta koma wajen naira 4, zuwa 1993 kuma ta kai wajen naira 22. A littafi, karya darajar kuɗi yana sa kayan da ƙasa ke fitarwa su yi araha a waje, ciniki ya ƙaru. Amma abin da Najeriya ke fitarwa mai ne, wanda da dala ake sayar da shi, adadinsa kuma ƙungiyar OPEC ke ƙayyadewa, saboda haka faɗuwar naira ba ta ƙara ganga ko ɗaya ba. Masana'antunmu kuwa, daga na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano har zuwa na Kakuri a Kaduna, da injinan waje suke aiki, da kayan gyara na waje, da rini da sinadarai na waje. Maganin ya ninka musu kuɗin aiki a daidai lokacin da albashin masu sayen kayansu ya lalace.

Na san Kakuri tun ina yaro, domin ƙanen mahaifina ya yi aikin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun wurin. Idan jiniyar canjin aiki ta kaɗa, titin yakan cika maƙil da kekuna, masu fita suna kakkaɓe ƙurar auduga daga gashin kansu, masu shiga suna tsayawa wajen masu ƙosai da koko, mai shayi kuma yana da littafin bashi da yake rufewa duk ƙarshen wata ba tare da fargaba ba, domin ya san ranar albashi. Bayan shekaru na koma na tarar da kawun nawa yana haya da babur, takardar sallamarsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa, yana jiran haƙƙin da bai zo ba. Ba zan ce SAP kaɗai ya kashe masaƙun ba, domin rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwaurin atamfa ta kan iyakoki, da kwararowar yadin Sin bayan ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005, duk sun taka rawa. Amma SAP ne ya fara raunana su, kuma shi ne ya kafa aƙidar cewa ba aikin gwamnati ba ne ta kare masana'anta.

Haka abin yake a gona. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga da ta gyaɗa. Adalci shi ne a faɗa cewa hukumomin nan ba waliyyai ba ne, tun zamanin Turawa suke sayen kayan manomi da araha su sayar da tsada, rarar kuma ta tafi birni. Manoman koko a kudu sun ga ƙarin farashi bayan rushewar. Sai dai hukumar auduga ita ce ke raba iri mai kyau, take tantance daraja, take tabbatar wa manomin Funtuwa ko Gusau cewa akwai mai saye. An rushe ta ba a sa komai a gurbinta ba, iri ya gauraye, inganci ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona ran masu suka shi ne, waɗanda suka rubuta wannan magani ba sa sha idan ciwon ya kama su. A daidai lokacin da ake hana manomin Afirka tallafin taki, Amurka na zuba biliyoyin daloli ga manoman audugarta, abin da ke danne farashi a kasuwar duniya. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003. Brazil ta shigar da ƙara ta kuma yi nasara, amma maimakon Amurka ta janye tallafin nan take, sai ta amince ta riƙa biyan Brazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara daga 2010, ta rufe maganar da dala miliyan 300 a 2014, manoman Sahel kuwa ba a biya su diyya ba. Da rikicin bankuna ya ɓarke a 2008, Amurka ta sauke kuɗin ruwa kusan zuwa sifili, ta ware dala biliyan 700 domin ceto bankuna, ta ƙara kashe kuɗin gwamnati, wato kishiyar abin da aka umarci Indonesiya da Tailan da Koriya ta Kudu su yi a rikicin kuɗi na Asiya a 1997. Ita Koriyar ma, da kare masana'antunta da rance mai rangwame daga gwamnati ta gina kamfanoninta, kamar yadda Ingila da Amurka suka yi a zamaninsu. Malesiya ta ƙi zuwa wurin IMF a wancan rikici, ta hana kuɗi ficewa daga ƙasar a 1998, aka yi ta sukarta, kuma ta farfaɗo. Joseph Stiglitz, wanda ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya fito ya soki yadda aka bi da rikicin na Asiya, ita IMF kuma daga baya ta yarda cewa taƙaita ficewar kuɗi na da amfani a wasu yanayi.

Misalin da na fi ba ɗalibaina shi ne na Jamus ta Yamma. A yarjejeniyar Landan ta 1953, shekara takwas kacal bayan yaƙin da ta haddasa, an yafe mata kusan rabin bashinta, aka kuma tsara cewa za ta riƙa biyan sauran ne daga rarar cinikinta da ƙasashen waje, ta yadda masu binta bashi suka zama masu bukatar su sayi kayanta domin a biya su. An yi haka ne saboda ana bukatar Jamus mai ƙarfi a gaban Tarayyar Sobiyat. Kwatanta wannan da Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso a lokacin, wanda ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a watan Yulin 1987 ya nemi shugabanni su haɗa kai su ƙi biya, yana mai cewa idan Burkina Faso ta ƙi ita kaɗai ba za a gan shi a taro na gaba ba. An kashe shi a ranar 15 ga Oktoban shekarar. Ba na cewa bashi ne ya kashe shi, domin juyin mulkin na da nasa dalilan na cikin gida da na maƙwabta. Abin lura shi ne masu ba da bashi suna da ƙungiyarsu ta Paris inda suke zama su yi magana da murya ɗaya, masu cin bashi kuwa ɗaya-ɗaya ake kiransu.

A Nijar ma an ɗanɗana. Bayan faɗuwar farashin yuraniyom ƙasar ta shiga shirye-shiryen gyara, kuma ɗaliban da jami'an tsaro suka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 sun fito ne kan matakan tsuke kuɗin ilimi. A watan Janairun 1994 kuma, a wani taro a Dakar da Faransa da IMF suka matsa a yi, aka raba darajar sefa gida biyu a dare ɗaya, magani da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo.

Yanzu ga inda nake rabuwa da wasu abokaina masu wannan ra'ayi, kuma inda maganarka ke da gaskiya. Da ɗan gari akan ci gari. Ba IMF ce ta yi odar simintin da ya sa ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas a 1975 ana biyansu kuɗin jira ba. Ba ita ce ta mai da lasisin shigo da shinkafa hanyar saka wa 'yan jam'iyya ba, ba ita ce ta bar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta ya shekara arba'in ba a gama ba, ba ita ce kuma ta kwashe kuɗin da aka yi ta dawo da su daga Suwizalan bayan mutuwar Abacha ba, ko da yake bankunan can ne suka buɗe hannu suka karɓa. Naira a 1985 darajarta ta ƙarya ce, kuma masu hanya a gwamnati ne ke cin moriyar bambancin farashin. Wani gyara ya zama dole. Da aka zo cefanar da kamfanonin gwamnati, waɗanda suka durƙusar da su ne sau da yawa suka saye su. Wannan shi ne aibin kalmar mulkin mallaka a nan: tana nuna kamar ƙasa guda ce ake zalunta gaba ɗayanta, alhali a cikin ƙasar akwai waɗanda SAP ya azurta, musamman masu bankunan da suka yi ta tsirowa a ƙarshen shekarun 1980 suna juya dala. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun fahimci irin wannan tun zamanin En'e, lokacin da suka ga cewa Bature ba ya karɓar haraji da hannunsa.

Hatta yafe bashin 2005 yana da fuska biyu. Najeriya, ƙarƙashin Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ta samu ƙungiyar Paris ta yafe dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30, ita kuma ta biya sama da biliyan 12 cikin 'yan watanni. Masu yabo sun ce an sauke wa ƙasa kaya, kuma haka ne. Masu suka sun ce babban kaso na bashin tara ce da kuɗin ruwa da suka taru a kan kuɗin ruwa a zamanin sojoji, kuma ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro ta miƙa wa ƙasashe masu arziki irin wannan kuɗi a dunƙule. Su ma ba su yi ƙarya ba. Abin da ya biyo baya kuma namu ne: cikin shekara ashirin bashin waje ya sake hawa ya wuce inda yake kafin yafewar.

Yanayin yau ya ƙara rikita tsohon lissafi, domin masu bin Afirka bashi sun haɗa da Sin da kuma kamfanonin zuba jari masu riƙe da takardun lamuni, waɗanda kuɗin ruwansu ya fi na Bankin Duniya tsada nesa ba kusa ba. Amma tsarin bai canza ba. Da babban bankin Amurka ya sake ɗaga kuɗin ruwa a 2022, Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a watan Disamba, ta koma wurin IMF ta karɓi shirin dala biliyan 3 a 2023, kuma masu riƙe da takardun lamunin cikin gida, har da tsofaffin da suka zuba ajiyarsu, sun ɗanɗana asara. A Kenya matasa sun cika titunan Nairobi a watan Yunin 2024 kan dokar ƙarin haraji. A Najeriya an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a dala cikin ƙasa da shekara guda, IMF da Bankin Duniya suka yaba, mudun masara kuma ya faɗa wa kowa abin da ya faru.

Saboda haka idan ka ji an ciyo sabon bashi, kada ka tsaya a kan sunan wanda ya bayar. Nemi sanin da wane kuɗi za a biya, ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai yawo, ko aikin da za a yi zai samar da dalar biya, ko majalisa ta ga takardar gaba ɗayanta, sannan me takardar ta ce idan fari ko ambaliya ko faɗuwar farashi ta auku. Wannan tambaya ta ƙarshe ba mafarki ba ce. Ƙaramar ƙasar Grenada ta sa sharaɗi a takardun bashinta a 2015 cewa za a ɗage biya idan mahaukaciyar guguwa ta afka mata, kuma da guguwar Beryl ta ɗaiɗaita ta a 2024 ta yi amfani da shi, masu binta bashi suka jira.